Babu kuɗin gina gidaje, ko babu niyya?

Duk wanda ya nemi hayar ciki da falo a Samaru, Tudun Wada, Hanwa ko Danmagaji a Zariya ya san halin da ake ciki. Mai gida na son kuɗin shekara a dunƙule, dillali na jiran la'adarsa, ɗakin kuma ga rima a bango, ga banɗaki ɗaya na gida guda. Garin da ke ɗauke da Jami'ar Ahmadu Bello, Kwalejin Nuhu Bamalli, makarantar koyon tuƙin jirgin sama da barikin soja, kowace shekara baƙi ƙaruwa suke yi, ɗakuna ba sa ƙaruwa yadda ya kamata. Da an yi magana sai a ce gwamnati ba ta da kuɗin gina wa kowa gida. Wa ya ce ta gina wa kowa? Wannan amsa ta ishe mu!

A duba lissafin Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda aka kafa a 1992. Ana yankar kashi 2.5 cikin ɗari na albashin ma'aikaci. Mai karɓar naira 70,000 ana cire masa 1,750 a wata, wato 21,000 a shekara, kuɗin da bai wuce na buhun siminti biyu ba. Bashin da asusun ke bayarwa ruwansa kashi 6 ne, a biya cikin shekara 30. Wanda ya ci naira miliyan 10 zai riƙa biyan kusan 60,000 duk wata. Ƙa'ida kuma ita ce kada biyan ya wuce kashi ɗaya cikin uku na abin da mutum ke samu, don haka ƙaramin ma'aikaci ba zai samu ko miliyan 4 ba. To ina gidan miliyan 4 a cikin rukunin gidajen da ake yanke wa ƙyalle ana tafi? An yanki kuɗin masinja da malamin firamare, an gina abin da sai darakta zai iya shiga. Ga kuma batun kuɗin ruwa, wanda da yawa daga mutanenmu ba za su taɓa ba saboda addini, alhali tsarin haya har ka mallaka zai warware wannan.

Abin takaicin shi ne mafi tsadar kayan yana hannun gwamnati kyauta. Tun dokar filaye ta 1978 ƙasar jiha tana ƙarƙashin gwamna. Abin da talaka ke buƙata shi ne a yanka fuloti, ko da ƙafa 50 a 50 ne, a fitar da titi a zuba masa marmara, a ja magudanar ruwa, a kawo famfo da taransfoma, a ba shi takardar mallaka a farashin da zai iya. Sauran shi zai yi da kansa, ɗaki ɗaya bana, ɗaya baɗi, kamar yadda aka gina rabin Zariya. Da ba a yi haka ba, sai mutane suka koma sayen gonaki ana yanka musu ba tsari, lungu ko mota ba ta shiga, wasu har bakin rafin Kubanni. Damina na sauka ruwa ya rasa hanya, ya bi ta cikin ɗaki.

Ginin kansa ba sihiri ba ne. Murabba'in mita ɗaya na bango yana cin bulo 10. Ciki da falo, kowanne ƙafa 12 a 12, zai ci bulo kusan 750, ban da na fandisho. Buhun siminti mai kilo 50 bai kamata ya wuce bulo 30 zuwa 35 mai inci 9 ba. Amma ɗan kwangilar da ya sayi aikin a hannu na uku, bayan kowa ya gutsiri nasa, sai ya sa a buga 50 ko fiye, a ƙi ba bulon ruwa na kwana bakwai, a rage rodi a linta, a tsallake ledar hana rima a ƙarƙashin daɓe. Kwaɓin kankare da ya kamata ya zama siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu, sai a cika shi da yashi. Damina biyu filasta ta fara zuba, bango ya tsage daga kusurwar taga. An kashe kuɗin jama'a, gidan kuma bai zaunu ba.

Kuma wa ya wajabta mana bulon siminti? Jar ƙasa ce shimfiɗe a ƙasar Zazzau. A tankaɗe ta, a haɗa da siminti kashi 5 zuwa 8 cikin ɗari, a matse a inji, a rufe da leda ana yayyafa ruwa na mako biyu, za a samu tubali mai ƙarfi da sanyin ɗaki a watan Afrilu. Sharaɗinsa biyu ne: fandisho ya ɗaga sama da ƙasa, kwano ya leƙo ya kare bango daga feshin ruwa. Da ƙasa Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a na cikin birni tun wajen shekarun 1830. Sassan koyar da zanen gini da aikin gini na Jami'ar Ahmadu Bello suna nan Samaru, suna yaye ɗalibai duk shekara, ga magina birjik suna zaman jiran aiki.

A jamhuriya ta biyu, 1979 zuwa 1983, Shehu Shagari ya gina gidaje masu sauƙin kuɗi a jihohi, Lateef Jakande ya gina dubbai a Legas, mutane na cikinsu har yau. Masu riƙe da kasafin jiha da na tarayya su fito su faɗa mana fuloti nawa mai titi, ruwa da takarda za su yanka a Zariya da Sabon Gari bana, a ina, kuma nawa leburan da ke ɗaukar bulo zai biya.