Kalmar "fairing" ta fi ƙarfin a kira ta murfi

Duk sanda na ga an fassara kalmar Turancin nan "fairing" da "murfi" a labarin harba roka ko tseren babura, sai in ji an tauye wa mai karatu haƙƙinsa. Murfi na tukunya ne, aikinsa rufewa. Ita kuwa wannan kalma tana nufin suturar da ake yi wa abin hawa don a rage masa kokawa da iska.

Daga bakin maƙeran jiragen ruwa ta fito. A wurinsu "fair" shi ne a daidaita jikin jirgi ya yi sumul, ba tudu ba kwari, ruwa ya riƙa zamewa ta gefensa. Da jirgin sama ya zo sai aka ari kalmar, daga baya ta kai ga babura da manyan motocin kaya.

Wanda ya taɓa sakin babur a titi ya san yadda iska ke dukan ƙirji, riga ta kumbura, ido ya kawo ruwa. Idan gudu ya ninka biyu, turjiyar iska ninki huɗu take yi. Shi ya sa masu tseren Turai a shekarun 1950 suka lulluɓe gaban babur har da taya, sai da hukumar tseren babura ta duniya, FIM, ta haramta irin wannan daga 1958, don iskar gefe na iya kwashe mahayi. A 1976 BMW ta fito da R100RS, babur na kasuwa mai cikakkiyar suturar da aka gwada a ramin gwajin iska.

A roka kuma ita ce hancin nan mai ɓari biyu da ke kare tauraron ɗan'adam har a wuce iskar duniya, sannan ya rabe ya faɗo. A 2009 wani tauraron hukumar binciken sararin samaniyar Amurka, NASA, mai auna iskar kabon ya faɗa teku kusa da Antatika saboda hancin ya ƙi rabewa. Na rokar Falcon 9 kuwa yakan kai dala miliyan 6, don haka kamfanin SpaceX mai ƙera rokar ke tsamo shi daga teku ya sake aiki da shi.

Akwai wata "fairing" daban a tsohon Turanci, wato tsarabar kasuwar biki, har yau ana kiran wani biskit mai citta na yankin Konwal na Ingila da ita. Mai fassara ya kiyaye kada ya haɗa su.

Ni dai a ɗakin labarai na fi son mu ce "suturar sulɓi", domin sulɓin nan shi maƙeran jirgin ruwa suke nema tun farko.