Sun ce a sake tambayar jama'a, su kuwa ba su koma sun tambaye su ba

Jiya bayan isha'i gardama ta kaure a majalisarmu kan 'yan majalisa masu sauya sheƙa. Wani abokina ya dage cewa ai a ƙasashen Turawa ba a irin wannan abu, mu kaɗai ne muka iya. Na ce masa Malam, kai dai ba ka bi siyasar Birtaniya a 2019 ba. Da na dawo gida abin ya ƙi barin raina, shi ya sa na ce bari in rubuta.

Akwai wata ƙungiya da yawancin mutane ba su ma san an yi ta ba, sunanta Right to Vote. 'Yan majalisa ne daga cikin jam'iyyar Conservative mai mulki a lokacin, suka kafa ta a watan Janairun 2019, kwana biyu bayan majalisa ta yi fatali da yarjejeniyar ficewa daga Tarayyar Turai da Firaminista Theresa May ta kawo, da ƙuri'a 432 ga 202. Jagoransu Phillip Lee ne, likita, wanda ya ajiye muƙamin ƙaramin minista a ma'aikatar shari'a tun a Yunin 2018 saboda wannan rigima. Tare da shi akwai Dominic Grieve, tsohon babban lauyan gwamnati, da Justine Greening, da Anna Soubry, da Heidi Allen, da Sarah Wollaston, da kuma Sam Gyimah, wanda ya taso a Ghana ya yi makarantar Achimota. Buƙatarsu ɗaya: a sake ƙuri'ar raba gardama.

Hujjarsu ba ta banza ba ce, kuma har yau ina ganin da ƙamshin gaskiya a ciki. A ranar 23 ga Yunin 2016 an tambayi mutane tambaya mai amsa biyu, a fita ko a zauna. Kashi 51.9 suka ce a fita. Amma ba wanda ya faɗa musu wace irin fita, ko ya za a yi da iyakar Ireland, ko ya kasuwanci zai kasance. Wollaston, ita ma likita ce, ta kan kwatanta abin da aikin tiyata: idan majiyyaci ya yarda a yi masa aiki shekara biyu da suka wuce, yau kuma aka gano abin da aikin zai janyo, ai sai a sake nuna masa takarda ya sa hannu. Wannan misali ya burge ni ƙwarai. Ita ce kuma matar da tun farko take goyon bayan fita, sai ana dab da zaɓe ta juya baya saboda ba ta yarda da alƙawarin fam miliyan 350 a kowane mako da masu kamfen ɗin fita suka rubuta a jikin wata jar bas cewa za a ba ɓangaren lafiya ba.

To ina matsalata da su?

Darajar wannan ƙungiya duka a abu ɗaya take: 'yan gida ne. Idan ɗan Labour ko ɗan Liberal Democrat ya ce a sake zaɓe, kowa zai ce ai dama. Amma ɗan jam'iyyar da ke mulki, mai zama a bayan Firaminista, idan ya faɗa sai a saurara. Sati biyar kacal da kafa ƙungiyar, ranar 20 ga Fabrairu, Soubry da Allen da Wollaston suka fice daga jam'iyyar suka bi wasu 'yan Labour da suka ɓalle. Daga ranar maganarsu ta zama maganar 'yan waje. Waɗanda suka rage a ciki kuwa aka shiga kallonsu a matsayin masu jiran ranar tafiya. Da aka zo gwada ra'ayin majalisa ranar 1 ga Afrilu, ƙudurin a kai duk yarjejeniyar da aka cimma gaban jama'a ya samu 280, masu ƙi 292. Tazarar ƙuri'a 12. Ta leƙo ta koma. Ƙuri'un da ake nema suna kan bencin Conservative, kuma masu iya rarrashinsu sun riga sun tashi daga bencin.

Ba zan manta da 3 ga Satumba ba. A waya na kalla, muna zaune a teburin mai shayi, mu uku mun haɗa kai kan ɗan allo ɗaya. Boris Johnson, wanda ya gaji May a matsayin Firaminista, na tsaye yana jawabi a majalisa, sai ga Phillip Lee ya shigo ya wuce ya zauna a ɓangaren Liberal Democrat, gefen shugabarsu ta lokacin, Jo Swinson. Da wannan 'yar tafiyar gwamnati ta rasa rinjayenta. Mai shayin ya tambaye mu ko faɗa ake, muka ce a'a, wani ne ya canza kujera. A daren nan aka kori 'yan majalisa 21 daga sahun jam'iyyar, ciki har da Grieve da Greening da Gyimah.

Abin da ya fi tsaya min a wuya shi ne wannan. Mutanen da sunan ƙungiyarsu ma haƙƙin jefa ƙuri'a yake nufi, waɗanda suka ce yanayi ya canza don haka a koma wurin jama'a, da suka canza jam'iyya ba ɗaya cikinsu da ya ajiye kujerarsa ya koma mazaɓarsa neman sabon izini. An zaɓe su a 2017 da tutar Conservative, bisa alƙawarin aiwatar da ficewar. Dokar ƙasarsu ba ta tilasta musu sauka ba, gaskiya ne. Amma a 2014 Douglas Carswell da Mark Reckless, da suka bar Conservative zuwa UKIP, jam'iyyar masu rajin ficewa daga Tarayyar Turai, sauka suka yi aka sake zaɓe, kuma suka ci. Ba na ƙaunar siyasar mutanen biyun nan ko kaɗan, amma a wannan gaɓa sun fi su. Mu namu tsarin mulkin na 1999 ma ya rubuta cewa mai sauya sheƙa ya rasa kujerarsa sai in jam'iyyarsa ta rabu, kun dai san yadda ake yi da wannan sashe.

Kada a ce na zalunce su, sun biya farashi. A babban zaɓen ranar 12 ga Disamba jam'iyyar Johnson ta lashe kujeru 365. Lee ya bar Bracknell ya je Wokingham ya kara da John Redwood na Conservative, ya sha kaye. Grieve ya faɗi a Beaconsfield, Soubry a Broxtowe, Wollaston a Totnes, Gyimah a Kensington. Allen da Greening ba su ma tsaya ba. Mutanen da suka ajiye muƙaman minista da kujerun da da sun yi shiru za su iya mutuwa a kai, ba za a ce neman abinci ya kai su ba. Birtaniya ta fice ranar 31 ga Janairun 2020.

Abokin nawa na turo masa wannan tun kafin in wallafa. Amsarsa ita ce, to ai ka ga su sun faɗi zaɓe, namu kuwa dawowa suke yi. Na ce wannan kuma sai mun haɗu anjima.