Sharhi daga Katsina kan labarin enzayim na hanta

Malam mai rubutu, sannu da ƙoƙari. Amma ka ce ƙananan sinadarai suna "kashe" enzayim na hanta (wato furotin da ke hanzarta sarrafa sinadarai a jiki), kuma nan ne na ɗan tsaya. Yawancinsu ba kashewa suke yi ba, zama suke a gurbin da enzayim ke kama abin aikinsa, kamar karan da aka cusa a bakin kwaɗo, makulli ya kasa shiga. Haka magungunan statin ke yi wa HMG-CoA reductase, enzayim ɗin da hanta ke ƙera kolestarol da shi, sai hanta ta rage ƙera kolestarol.

Abin mamakin shi ne, wannan riƙon kan tokare enzayim ɗin da bai naɗu daidai ba, ya hana shi wargajewa, kamar azara a ɗakin soro. Maganin sapropterin yana taimakon wasu yara masu ciwon PKU (ciwon gado da ke hana jiki sarrafa sinadarin phenylalanine na cikin abinci) ta irin wannan hanya.

Ni kam a kantina na magani da ke Kofar Kaura, abin da na fi fama da shi shi ne magungunan ritonavir da ketoconazole. Suna danne CYP3A4, enzayim ɗin hanta da ke sarrafa magunguna da yawa, sai wani maganin da mutum ke sha ya taru a jini. Mutum ya zo, ka tambaye shi me yake sha, ya ce "ba komai, sai ɗan jiƙo".