Cinikin Juan Soto: yaran sun yi kyau, to ina nasarar?

Jama'a, yau ba Firimiya zan yi magana a kai ba. Wasan besbol na Amurka ne, kuma na san wasu har sun fara ɗaga yatsa za su wuce. Ku ɗan dakata, domin gardamar da ake yi a can kowane mai goyon bayan kulob ya santa: shin daidai ne ƙungiya ta rabu da gwaninta wanda kowa ya ga aikinsa, ta karɓi yara masu tasowa da ake wa kyakkyawan zato?

Sai an san tsarin nasu kafin a gane abin da ke kawo wannan ciniki. A babbar gasarsu ta MLB ƙungiyoyi 30 ne, kowace tana buga wasa 162 a kaka guda. Ba a cika sayen ɗan wasa da tsabar kuɗi irin na ƙwallon ƙafa ba, musaya ake yi, a ba ka mutum ka ba da mutane. Yaro idan ya shigo babbar gasa, ƙungiyarsa ce ke da iko da shi har sai ya cika shekara shida yana wasa. A shekaru ukun farko albashinsa bai wuce mafi ƙanƙanta ba, a ukun ƙarshe yana iya kai ƙorafi gaban masu sasantawa a ƙara masa, bayan nan kuma ya zama ɗan kansa, ya tafi inda aka fi ba shi. Abu na ƙarshe, wanda a ganina shi ne tushen komai: ba a faɗawa ƙaramar gasa. Ko wasa 110 aka ci ka, baɗi kana nan daram, har ma a saka maka da damar zaɓen matasa mafiya kyau. Mai kulob a Ingila yana tsoron faɗuwa. Mai kulob a besbol ba abin da yake tsoro sai asusunsa.

Juan Soto ɗan Jamhuriyar Dominika ne, an haife shi a watan Oktoban 1998, ya fara buga wa Washington Nationals a 2018 yana da shekara 19. Duk wanda ya taɓa kallonsa ya san ɗabi'ar nan tasa. Idan mai jifa ya jefo ƙwallo ta kauce, ba ya ko motsa sanda. Sai ya buɗe ƙafafu, ya share ƙasa da tafin takalmi, ya ɗan rusuna, ya kafe mai jifar da ido yana murmushi, wato sake jefowa mu gani. Yaro ɗan shekara 20 yana yi wa manyan mutane haka, kuma yana da abin da zai kare kansa da shi.

A 2019, a wasan sili ɗaya ƙwale da Milwaukee Brewers, ana cin Nationals 3 da 1 a zagaye na takwas cikin tara, ga Josh Hader yana jifa, mutumin da a lokacin kusan ba a iya taɓa ƙwallonsa. Soto ya doka ta ɓangaren dama, mai tsaron wurin Trent Grisham ya zo tara ta sulale masa, mutum uku suka shige gida, wato maki uku ke nan, aka tashi 4 da 3. Daga wannan dare suka miƙe har suka doke Houston Astros a wasa na bakwai suka ɗauki kofin World Series, wato kofin zakaran MLB, na farko a tarihin ƙungiyar. Soto ya cika shekara 21 ana tsakiyar wasannin ƙarshen. Grisham ɗin nan kuwa, ikon Allah, daga baya tare da Soto aka haɗa su aka tura Yankees.

Shekara uku ba ta cika ba aka rabu. A watan Yulin 2022 labari ya fita cewa Nationals sun yi masa tayin dala miliyan 440 na shekara 15, shi da wakilinsa Scott Boras sun ce a kai kasuwa. Ran 2 ga Agusta aka tura shi San Diego Padres tare da Josh Bell. Aka karɓo mutum shida: CJ Abrams, MacKenzie Gore, James Wood, Robert Hassell, Jarlin Susana, da wani tsohon hannu Luke Voit.

Masu goyon bayan cinikin suna da hujja, kuma ba zan rage mata ƙarfi ba. Sun ce kwantiraginsa saura kaka biyu da rabi, Boras kuma sananne ne wajen kai mutanensa kasuwa, don haka ko an riƙe Soto tafiya zai yi a ƙarshen 2024 a tashi da kusan hannu rabbana. Ƙungiyar ta riga ta ruguje, an yi musayar manyan 'yan wasanta Max Scherzer da Trea Turner tun 2021, kuma da Soto a ciki ma ita ce ta ƙarshe. A besbol gwani ɗaya ba ya ɗaukar ƙungiya a kafaɗa, domin sau huɗu ko biyar kawai yake riƙe sanda a wasa guda. Manyan gwanaye biyu, Mike Trout da Shohei Ohtani, sun yi shekara shida tare a Angels ba su taɓa shiga wasannin neman kofi na ƙarshen kaka ba. Sannan lokaci ya nuna tayin miliyan 440 bai ko kusa ba, tunda a Disambar 2024 ƙungiyar New York Mets ta ba shi miliyan 765 a kan shekara 15 ɗin dai.

Kuma tarihi yana ba su misalai. A 1987 Detroit ta ba da wani yaro John Smoltz ta karɓi Doyle Alexander, wanda ya ci mata wasa tara ba a ci shi ko ɗaya ba a ragowar kakar, amma Smoltz ya je Atlanta ya yi shekara ashirin yana jifa har aka sa shi cikin zauren gwarzaye. A 2002 Montreal Expos, wadda ita ce ta ƙaura Washinton a 2005 ta zama Nationals, ta ba da Cliff Lee da Grady Sizemore da Brandon Phillips don ta sami Bartolo Colon na 'yan watanni. Duka ukun sun zama taurari a wani wuri. To ƙungiyar da aka taɓa yi wa irin wannan wayo, wa zai ga laifinta idan ita ma ta ce bari ta gwada?

Na yarda da duk wannan. Na ƙara da cewa Mike Rizzo, wanda shi ne shugaban harkar 'yan wasa a lokacin, ya yi ciniki irin wanda ba kasafai ake samu ba. Abrams ya shiga wasan taurari, wanda ake zaɓo gwanayen gasa su buga, a 2024. Wood, dogon yaron nan mai tsawon kusan mita biyu wanda yake ɗan shekara 19 lokacin cinikin, ya shiga a 2025, Gore ma haka. Mutum uku daga ciniki ɗaya! Yawancin irin wannan musaya idan aka dace da ɗaya sai a yi hamdala. Ku dubi Marlins da suka ba da Miguel Cabrera a 2007 suka karɓi mutum shida, ba wanda ya tsinana musu abin kirki, shi kuwa Cabrera ya je Detroit ya zama gwarzon gasa sau biyu.

To ga inda na rabu da su. An dace da yara, an yi cinikin da ake kafa misali da shi, me aka samu? A 2022 sun ci wasa 55 an ci su 107. A 2023 sun ci 71, a 2024 ma 71, a 2025 da ake cewa yara sun nuna sai aka koma 66. Tun da suka ɗaga kofi a 2019 ba su sake gama kaka da nasara ta fi rashin nasara yawa ba. A watan Yulin 2025 aka sallami Rizzo da koci Dave Martinez rana ɗaya. Idan mafi kyawun irin wannan ciniki ne ya haifar da haka, ai ya kamata masu gardama su daina ƙirga yara su tambayi wani abu dabam.

Makiyayin da ya sayar da saniyar tatsa ya sayi maruƙa biyar bai yi wauta ba, matuƙar ya tanadi harawa da dusa na shekarun da zai jira. Idan kuwa ya sa kuɗin a aljihu ya bar maruƙan su nemi kansu, to ba kiwo ya nufa ba tun farko. Rabuwa da gwani rabin aiki ne. Ragowar rabin shi ne ranar da yaran suka fara nuna, mai kulob ya buɗe bakin aljihu ya kewaye su da ƙwararru. Chicago Cubs sun yi haka. An ci su wasa 101 a 2012, suka yi ta musayar tsofaffi da matasa, ta nan suka sami Jake Arrieta da Addison Russell. Amma a Disambar 2014 suka ajiye dala miliyan 155 suka ɗauko Jon Lester, a 2016 suka ɗauki kofin da suka yi shekara 108 suna jira. Abin takaicin shi ne iyalan Lerner masu Nationals sun san wannan hanya sarai, su ne suka ba Jayson Werth miliyan 126 a 2010 lokacin ƙungiyar ba ta da komai, suka ba Scherzer miliyan 210 a 2015. Kofin 2019 a kan wannan kuɗi aka gina shi. Bayan tafiyar Soto kuwa sai 'yan ƙananan kwantiragi na shekara ɗaya ko biyu, a cike gurbi a wuce.

Akwai dalili, ban ce babu ba. Sun ƙone da kwantiragin mai jifansu Stephen Strasburg, miliyan 245 na shekara bakwai, wanda rauni bai bar shi ya buga wasa ko goma ba bayan sa hannu. A watan Afrilun 2022 kuma suka sanar cewa suna duba yiwuwar sayar da ƙungiyar, sai a farkon 2024 suka ce sun fasa. Wanda yake shirin sayar da abu ba ya son ɗora masa bashin shekara 15, wannan kowa ya sani. Amma idan haka ne, a gaya wa magoya baya gaskiya. Kada a ce musu ana gina gobe alhali littafin kuɗi ake sharewa saboda mai saye.

Wani abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake kiran Soto tsohon hannu a wannan gardama. Shekararsa 23 lokacin. Gore, wanda aka karɓo a matsayin mai tasowa, wata huɗu kacal Soto ya girme shi. Hikimar sayar da gwani ta fi ƙarfi idan mutum ya haura talatin, ƙafa ta fara nauyi, ana so a rabu da shi kafin farashi ya faɗi. Wanda ake fatan yaran su zama irinsa nan da shekara biyar, shi ne aka ba da tun bai kai ganiyarsa ba.

Magoya bayan Liverpool, wannan sakin layin naku ne, domin John Henry mai kulob ɗinku shi ne mai Boston Red Sox. A 2018 Mookie Betts ne gwarzon gasa, Boston ta ɗauki kofi. A Fabrairun 2020 suka tura shi Dodgers, suka haɗa da David Price don a rage musu nauyin albashi su sauka ƙasa da layin harajin da ake ɗora wa masu kashe kuɗi da yawa. Suka karɓi Alex Verdugo, Jeter Downs da Connor Wong. Downs bai kai ko'ina ba aka sake shi, Verdugo aka tura shi Yankees. Betts ya sa hannu kan miliyan 365 na shekara 12, ya ɗauki kofi a 2020, da 2024, da 2025. Boston ba matalauciyar ƙungiya ba ce, tana cikin masu arziki na sahun gaba. Kuma ita ce ta sayar wa Yankees Babe Ruth a ƙarshen 1919, ta zauna ba kofi daga 1918 har 2004. Mutum zai ɗauka wannan tabo ya isa darasi.

Su ma Padres ba su sha da daɗi ba, kada wani ya ce na ɓoye. Sun kai wasan kusa da na ƙarshe a 2022 Phillies ta fitar da su, 2023 ba su ko shiga wasannin neman kofi ba, sai suka miƙa Soto ga Yankees, inda ya kai su World Series a 2024. Amma mutanen San Diyego sun ga ƙungiyarsu ta fitar da Dodgers a gabansu, filin ya cika maƙil, an yi ihu har murya ta dushe. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Mai sayen tikiti a Washinton shi kuwa tun 2021 ake ce masa ya yi haƙuri.

Don haka idan aka tambaye ni ko a rabu da gwani saboda matasa, ba sunayen yaran zan fara dubawa ba. Zan tambayi shekarun gwanin, sannan in tambayi mai kulob shekarar da ya sa wa kansa zai fara kashe kuɗi, da abin da ya taɓa yi a baya da zai sa a yarda da shi. Domin agogon shekara shidan nan ba ya tsayawa. Yana bugawa a kan yaran ma tun ranar da suka shigo babbar gasa, kuma duk kakar da aka ɓata ana jira, an ci ɗaya daga cikin shekarunsu masu araha.

Bayan korar Rizzo, Nationals sun ɗauko Paul Toboni ya riƙe harkar 'yan wasa, kuma daga ofishin Boston ya fito. A watan Janairun 2026 ya tura MacKenzie Gore zuwa Texas Rangers, saura kaka biyu kwantiraginsa ya ƙare. Abin da aka karɓo: matasa biyar masu tasowa.