Kreuzberg: waɗanda suka raya unguwar ba su da ƙuri'a

A taswirar Berlin ta yau, unguwar Kreuzberg tana tsakiyar gari. Daga 1961 zuwa 1989 kuwa lungu ce da aka toshe a Berlin ta Yamma: katangar Berlin ta kewaye gabashinta, kogin Spree ya zama iyakar ƙasa, gadar Oberbaum ta koma shingen bincike. Masu hali suka tattara nasu ya nasu. Tsofaffin gidajen haya da hukuma ke shirin rushewa aka bari suna lalacewa, ɗumi sai da gawayi, banɗaki kuma a kan matakala.

A shekarar da aka gina katangar ne Jamus ta Yamma ta ƙulla yarjejeniyar ɗaukar ma'aikata da Turkiyya. Ma'aikatan da suka zo daga Turkiyya ne suka shiga gidajen nan da kowa ya guda, don nan ne kuɗin haya ya yi daidai da aljihunsu. Suka buɗe shaguna da gidajen burodi a kewayen dandalin Kottbusser Tor, suka mai da ɗakunan bayan gida masallatai, suka haifi 'ya'ya da jikoki. Da su da ɗalibai da matasan da suka mamaye kangaye ne unguwar ta ci gaba da numfashi.

Da katanga ta faɗi, lungu ya zama cibiya. A 2001 aka haɗe Kreuzberg da unguwar Friedrichshain ta tsohuwar Berlin ta Gabas, suka zama gunduma ɗaya, kuɗin haya kuma ya yi ta hauhawa, har a 2012 masu haya suka kafa rumfar zanga-zanga a Kottbusser Tor da sunan Kotti & Co.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne batun zaɓe. Gundumar tana alfahari da ƙawancenta da gundumar Kadıköy ta Istanbul, kuma hakan ya dace. Amma dattijon da ya shekara hamsin a unguwar da fasfon Turkiyya ba shi da ikon zaɓen majalisar gunduma, alhali Bafaranshen da ya sauka bara yana da shi, don ƙasarsa na cikin Tarayyar Turai. A 1990 kotun tsarin mulki ta soke yunƙurin jihohin Hamburg da Schleswig-Holstein na bai wa baƙi wannan dama.

Za a ce dokar 2024 ta ba da damar riƙe fasfo biyu, sai su nemi zama 'yan ƙasar Jamus. To, amma neman yana ɗaukar lokaci, takardar ƙarin haya kuwa ba ta jira. Ya kamata majalisar dokokin Jamus ta gyara tsarin mulki, duk wanda ya daɗe yana zaune bisa doka ya samu ƙuri'a a gundumarsa.