Kayan soja a hannun farar hula: maganar bututun AR-15

A Amurka akwai wata sana'ar nishaɗi da baƙo zai daɗe bai saba da ita ba. Mutum zai sayi sassan bindiga ɗaya bayan ɗaya, ya haɗa abarsa a gida cikin doka, ranar Asabar ya tafi filin koyon harbi yana ɓula takarda. Bindigar da aka fi yi wa haka ita ce AR-15, kuma babban burin da yawansu shi ne tasu ta fito sak irin ta soja. A kan wannan burin nake da ja.

Asalin bindigar na Eugene Stoner ne, injiniyan kamfanin ArmaLite. A 1959 kamfanin ya sayar wa Colt da haƙƙin ƙera ta, sojan Amurka suka ɗauke ta da sunan M16. Ta farar hula kuwa harsashi ɗaya take fitarwa duk jan kunama ɗaya, kuma tun 1986 doka ta hana a sayar wa farar hula sabuwar bindiga mai feshi. A idon dokar tarayya, sashe ɗaya tak ne bindiga, wato gangar jikin ta ƙasa mai ɗauke da lambar rajista. Idan sabuwa ce, sai ta hannun dila mai lasisi, bayan an binciki tarihin mai saye. Sauran sassan kaya ne kamar kowane kaya, sai dai jihohi irin su Kalifoniya da New York sun ƙara nasu takunkumin.

To ka duba yadda ake kashe kuɗin. Mutum zai zuba dukiya a fenti mai launin rairayi, da fitila, da mariƙi, da maratayi, ya zo kan bututu ya ce a ba shi duk wanda soja ke amfani da shi. Alhali bututun nan shi ne bindigar. Shi ke karɓar zafin albarushi, shi ke murɗa harsashi, shi ke yanke hukuncin inda zai sauka. Kuma duk wani zaɓi da soja suka yi a kansa, wata matsala ce ta same su suka yi mata magani. Wanda bai tambayi matsalar ba ya sayi maganin, to ya sha maganin ciwon da ba shi da shi.

Ɗauki shafen kurom, wani ƙarfe mai tauri da ba ya tsatsa, da ake yi wa cikin bututu. A Biyetnam, M16 ta farko ta riƙa cijewa a tsakiyar artabu, kwanso ya maƙale a ciki, soja na neman sandar da zai zungure shi ana harbinsa. An canza albarushin ba tare da cikakken gwaji ba, ɗakin harsashin ba shi da kariya daga tsatsa a wannan damshin, kayan goge bindiga ma ba su wadata ba. Abin ya kai majalisar wakilai ta kafa kwamiti a 1967 ƙarƙashin Richard Ichord. Daga nan kurom ya zama ka'ida. Yana jure zafi da tsatsa, yana ƙara wa bututu kwana, wannan ba musu. Amma masu gasar saiti galibi bututun ƙarfe marar tsatsa suke zaɓa, wanda ba a shafa masa komai ba, domin cikinsa ya fi fitowa daidai. Ya fi saurin cinyewa, sun yarda da hakan. Mai harbin takarda sau biyu a wata, bindigarsa na kwana a akwati cikin ɗaki mai sanyi, wane dajin Biyetnam yake tsoro?

Sai murɗin da ke cikin bututu. Idan ka ga an rubuta 1:7, ana nufin harsashi na juyawa sau ɗaya a kowane inci 7. An fara da 1:14, aka ga harsashin ba ya tsayuwa sosai a tsananin sanyi, aka koma 1:12. Da NATO ta karɓi harsashi mai nauyin kusan giram 4, kuma ga dogon harsashi mai haske da ake bin sawunsa da dare, sai sabon samfurin M16, wato M16A2, ya zo da 1:7. Dogon harsashi ne ke buƙatar murɗi mai sauri. Yau da yawan masu harbi sun natsu a kan 1:8, domin yana ɗaukar mai sauƙi da mai nauyi ba rigima. Ba wai 1:7 aibu ba ne. Abin da ke ba ni haushi shi ne ka tambayi mutum wane harsashi yake harbawa, ya ce duk wanda ya fi araha a kanti, amma ya kafe sai lambar soja.

Inda abin ya fi ban dariya shi ne tsawo. M16 bututunta inci 20 ne, kuma ƙaramin harsashin nan ƙarfinsa a gudu yake, yana fita da kusan mita 1,000 a daƙiƙa. M4, ƙanwar M16, aka rage bututunta zuwa inci 14.5 don soja ya iya shiga mota da fita, ya iya juyawa a lungu. Dokar da ta samo asali tun 1934 kuwa ta ce bindigar kafaɗa mai bututu ƙasa da inci 16 sai da rajista ta musamman a hukumar tarayya. Sai masu son kamannin M4 su sayi 14.5, su biya maƙeri ya like wani ƙarfe a bakinsa har abada don ya cika 16. A ƙarshe ga bututu mai tsawon 16, gudun harsashinta na 14.5, kuma bakin ba ya ciruwa sai an yanka. Kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba.

Abu ɗaya da ba na wasa ba ne: harsashin 5.56 na NATO da .223 Remington na farar hula kamar tagwaye suke a ido, amma na farkon ya fi ƙarfin matsin albarushi a cikin bututu. Bututun da aka yi wa 5.56 yana cin duka biyun, wanda aka yi wa .223 zalla ba a ɗura masa 5.56. A jikin bututun ake rubutawa, karantawar ce mutane ba sa yi.

Na san abin da wasu za su ce, kuma suna da gaskiya. Irin wannan bindigar ce aka shiga da ita makarantar Sandy Hook a 2012 aka kashe yara 20 da manya 6, ita ce kuma a wata makaranta a garin Uvalde a 2022, yara 19 da malamai 2. Amurka ta taɓa hana sayar da wasu nau'o'inta daga 1994 zuwa 2004, dokar ta ƙare ba a sabunta ba, har yau ana ta cacar baki. Ni a ganina wannan kwaɗayin kamannin soja yana cikin matsalar. Kamfanoni sun gane cewa hoton sojan ƙundumbala ya fi ingancin ƙarfe sayar da kaya, shi suke tallatawa, kuma ba manya masu hankali kaɗai ke kallon tallar ba.

Ga samarinmu da ke kallon waɗannan bidiyoyin a YouTube suna sha'awa, ku sani a Najeriya a ƙarƙashin dokar makamai ta 1959, haɗa irin wannan bindigar ko ajiye ta ba izini ɗauri ne. Mutanen Zamfara da Katsina da Sakkwato sun ga bindigar yaƙi a hannun wanda ba soja ba, ba sai an ba su labari ba. Ba'amurken da ke auna murɗin bututu yana da filin harbi mai shinge, da dilan da ke da sunansa a rubuce, da akwatin ƙarfe mai makulli. Duk da haka ga Uvalde.