Doguwar katanga ba ta hana ɓarawo, ɓoye shi take yi

Duk lokacin da aka fasa gidan wani, shawarar farko da za ka ji ita ce, "A ƙara wa katangar nan tsawo." Sai a kira magini, a ɗora bulo layi uku, a kafa waya mai ƙaya, maigida ya koma barci har da minshari. Ni dai ban yarda da wannan lissafi ba. Wahalar haura katanga ta 'yan daƙiƙu ce. Da zarar mutumin ya dira ciki, katangar ta koma yi masa aiki: mai wucewa ba zai hango shi ba, maƙwabci ba zai leƙo ba, sai ya tsuguna gindin tagarka ya yi abin da ya kawo shi a tsanake.

Tun 1979 wasu masana biyu a Amurka, Lawrence Cohen da Marcus Felson, suka ce laifi irin wannan sai abu uku sun haɗu: mai niyyar yi, da abin da ya ga zai iya ɗauka, da rashin wanda zai sa masa ido. Na farkon ba a hannunmu yake ba. Na ukun kuwa da kuɗinmu muke samar masa da shi, mu rufe kanmu ruf, har shekara ta zagayo ba mu san fuskar wanda muke haɗa bango da shi ba.

Ku je ku duba ƙofarku da kyau, ba daga nesa ba. Za ka tarar mutum ya sayi makulli mai tsada, mai nauyi, amma ɗan ƙarfen da harshen makullin ke shiga a jikin katakon gefe, ƙusoshi biyu gajeru ne ke riƙe da shi, ko gaɓar yatsa ba su kai ba. Duka ɗaya da ƙafa, katakon ya tsage, makullin na nan lafiya lau a kulle, ƙofa kuwa a hangame. Haka ƙaton kwaɗo da aka rataya a ƙarfen da ƙusoshinsa ke waje, kowa na iya kwance su. Ƙofar gaba ta sha ado, ta baya sakata ɗaya mai tsatsa, tagar banɗaki kuma an bar ta a buɗe wai don iska. Tsani ma yana jingine a tsakar gida, an tanadar masa.

Wani bincike da Farfesa Andromachi Tseloni ta jagoranta, da alƙaluman Ingila da Wales, ya gano cewa abu huɗu idan suka haɗu suna ba da kariya mai yawa: makullin taga, fitilar cikin gida mai kunna kanta idan lokaci ya yi, makullin ƙofa mai ƙwari, da fitilar waje mai kamawa in ta ji motsi. Babu mai tsada a cikinsu. Abin mamaki, ƙararrawar tsaro mai kuka in an fasa gida, ita kaɗai ba ta taɓuka abin kirki ba a alƙaluman. Ban ce a cire ta ba, don a wani binciken na Jami'ar North Carolina da ke Charlotte, an tambayi masu fasa gida sama da 400 da ke kurkuku, kusan kashi 60 cikin 100 suka ce in sun ga alamarta gaba suke yi. Amma idan ta yi ta kuka babu wanda ya fito, me ta tsinana? Kyamara ma haka. Sau da yawa amfaninta shi ne ka zauna washegari kana kallon yadda wani mai rufe da fuska ya fice da talabijin ɗinka.

Abin da aka fi sakaci da shi: gidan da aka fasa sau ɗaya ya fi shiga haɗarin a sake fasa shi, musamman a makonnin farko. Ɓarawon ya riga ya san hanya, ya ga abin da ya bari, ya kuma san za a sayo sabo a madadin wanda ya ɗauka. A unguwar Kirkholt da ke Rochdale a Ingila, ƙarshen shekarun 1980, a kan wannan aka gina aiki. Duk gidan da aka shiga, nan take a gyara inda aka ɓalle, a kuma roƙi gidajen da ke kewaye da shi su riƙa sa ido. An cire mitocin wuta da gas masu cin tsabar kuɗi, waɗanda su ne ke jawo ɓarayin. Cikin shekara uku fasa gidaje ya ragu da kusan kashi 75 cikin 100.

Sai maganar baki. Da ɗan gari akan ci gari, kuma yanzu mu da kanmu ne ɗan garin. Mutum yana filin jirgi zai saki hoto a Facebook, "Sai mun dawo bayan sati biyu." Wa ka gaya wa? Ka bari in ka dawo ka saki hotunan, ba za su lalace ba. Kwalin sabuwar talabijin da aka jefar bakin ƙofa shi ma sanarwa ce. Mukullin da ake ɓoyewa ƙarƙashin tabarmar bakin ƙofa ko tukunyar fulawa, nan ne farkon inda ake ɗagawa. Idan ka tare a sabon gida, canja makullai, ba ka san hannu nawa tsohon mukullin ya bi ba.

Masu kafe kowace taga da ƙarfe, don Allah ku bar ɗaya a ɗakin kwana wadda ake iya buɗewa daga ciki, mukullinta a inda ko yaro zai lalubo cikin duhu. An sha rasa iyali a gobara saboda ƙarafunan da aka sa don ɓarawo. In kuma ka dawo ka tarar da ƙofa a ɓalle, kada jarumta ta ɗebe ka ka afka ciki, wataƙila yana nan bai fita ba. Ja da baya, kira 'yan sanda, kuma kada a taɓa komai sai sun zo sun duba.